Itacen da aka jera a jikin katanga: dami ne, tsibi ne, ko kashi?

Malamin Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai tun ranar Laraba, na ce bari in kawo ta gabanku.

Ina koyar da Hausa a firamare. Muna darasin kayan girki, sai na zana wa yara hoto a allo: katangar gida, a jikinta an jera faskaren itace sahu bisa sahu, tsayinsa ya kai ƙugun babban mutum, an tokare gefe da gefe da sanda. A ƙasan hoton na rubuta "damin itace", yara suka yi ta maimaitawa da ƙarfi. Maigadin makarantarmu dattijo ne da ya daɗe yana sayar da itace kafin ƙarfinsa ya ja baya. Yana wucewa ta bakin taga ya ji su, ya tsaya ya kalli allon. Da aka tashi tara ya same ni ya ce, "Malam, a gafarce ni, wancan ba dami ba ne. Ina igiyarsa?" Na ce to Baba, mene ne sunansa? Ya ce tsibi. Na shiga ofis na faɗa wa abokan aiki, wata malama ta ce sam, tsibi na abin da aka zube ne ba tsari, kamar yashi. Wani ya ce tari, wani ya ce kashi.

Yara sun riga sun kwafi "dami" a littattafansu, kuma ranar Litinin ina so in gyara musu. Me kuke kiran itacen da aka jera haka a wajenku?

Ɗan Mai Faskare:
Wa'alaikumus salam Malam. Baba maigadi ya faɗi gaskiya, in babu igiya babu dami. A gidanmu wannan sana'ar muka buɗe ido muka tarar, bari in bi maka itacen tun daga saukarsa.

Idan mota ta kawo gumagumai daga daji ta sauke mana, lodi muke cewa. Mu sa gatari mu faskara, muna yi muna jefawa gefe guda har ya yi tudu, wannan tsibi ne, wasu su ce tuli. Da yamma a kasa shi uku-uku ko huɗu-huɗu a bakin hanya don masu sayen na girkin dare, ya zama kashi. Wanda aka ɗaure da igiyar kaba, ko da robar tsohuwar taya kamar yadda ake yi yanzu, shi ne dami. Wanda mace ta ɗora gammo ta ɗauko daga daji, kai ne, za ka ji an ce "na sayi kai biyu". Itacen nan guda ne tun safe, amma sunansa yana canjawa gwargwadon abin da aka yi masa.

Wanda ka zana kuwa, mahaifina ba ya ce masa komai sai ya ce mana, "ku jera shi kafin hadari ya taso." In mun gama ya ce, "a ɗauko daga jerarren nan."

Uwar Biyu:
Malam, ni dai a Zariya tsibi na tashi na ji. Kuma ba na yarda da malamar da ta ce tsibi ba ya da tsari. Lokacin cikina na fari, tun ina wata bakwai maigidana ya fara sayen itacen wankan jego, duk ranar kasuwa ya kawo kaɗan. Surukata da kanta take fitowa ta tsaya a kan yara, ta ce manya a ƙasa, matsakaita a bisa, ƙirare a can gefe cikin tsohon kwando. Kafin in haihu ya kusa kai kan katangar bayan ɗakina. Duk matar da ta shigo barka sai ta leƙa ta ce, "ma sha Allah, an tsiba miki itace." A jere yake tsaf, kuma tsibi suka kira shi. Kwana arba'in ana dafa ruwa safe da yamma, ina kallonsa yana sauka, da shi nake ƙirga kwanakina.

Ɗalibar Harshe:
Yaya Uwar Biyu, Allah ya raya. Amma ki lura, matan nan yawan itacen suke yabo. Da an zube shi a tsakar gida ba jeri, nan ma "an tsiba miki" za su ce. Kalmar tsibi ba ruwanta da tsari ko rashinsa, tudu da yawa take nunawa. Don haka malamar ofis ta yi kuskure da ta ce jerarren abu ba ya zama tsibi, amma kuma wanda ya ji "tsibin itace" bai ga hoton Malam ba, ba abin da zai gaya masa an jera shi.

Abin da ya kamata mu duba shi ne kusan duk waɗannan sunaye daga aikatau suka fito. Tsiba ta ba mu tsibi, tula ta ba mu tuli, tara ta ba mu tari, kasa ta ba mu kashi, jera ta ba mu jeri, shirga ta ba mu shirgi. Shi ya sa maganar Ɗan Mai Faskare ta zauna. In kana neman sunan, tambayi aikin da aka yi.

Uwar Biyu:
To ƙanwata, in haka ne sai Malam ya rubuta "jerin itace" a huta.

Ɗalibar Harshe:
Nan ma akwai ƙura, Yaya. Itace a Hausa yana nufin na murhu, yana kuma nufin wanda yake tsaye da ganyensa. Ki ce wa mutum "na ga jerin itace a bakin hanya", zai iya ɗauka darbejiya ce aka shuka a layi. Ga kuma "jere", wanda ɗakin amarya ya riga ya kama. "Jerin faskare" ya fi fita, don ba a faskara bishiyar da take tsaye.

Basakkwace:
Ku dakata ku ji namu. Mu nan icce muka cewa ga guda, itace kau jam'i na. Ku mutanen gabas kunka ɗauki jam'in kunka maishe shi tilo, kana kunka sake yi mai wani jam'i, itatuwa. Wanga shi ya sa kalmar ke rikita ku. In anka tara icce wuri guda, tarin icce na. Kakata in damana ta matso takan ce a tara mata iccen damana, a aza shi bisa duwatsu ƙarƙashin rumbu ko cikin zaure, don in ruwa ya kama kwana ukku yana zuba, wadda ba ta yi tari ba sai ta yi girki da hawaye.

Ɗalibar Harshe:
Baba Basakkwace, wannan gaskiya ne, a ajinmu ma an kawo "itace" cikin misalan jam'in da ya koma tilo a Hausar Kano. Kuma "tari" tana ɗauke da wani abu da tsibi ba ta da shi, wato tanadi. Tsibi ana iya yinsa cikin awa ɗaya idan mota ta juye. Tari kuwa sannu a hankali yake taruwa, da niyya, kamar yadda mijin Yaya Uwar Biyu ya yi ta kawowa duk ranar kasuwa.

Hajiya Mai Waina:
Ku yi ta nahawunku, ni bari in faɗi abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara goma sha ina suyar waina, kullum sai na hura wuta tun asuba. Duk kalmomin nan da kuke jerowa babu wadda take gaya wa mai saye nawa zai samu. Kashi na bara ba shi ne kashi na bana ba. Da faskare biyar ne, ya koma huɗu, yanzu uku ne, na ukun ma siriri kamar muciya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi, gas ma ya yi tsada, masu girki da shi da yawa suka dawo kan itace da gawayi, mu da muke ciki tun asali muka ƙara shiga matsi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, watannin baya na ce bari in sayi mai yawa in huta. Na je wajen wani mai itace a bakin titi, ya nuna mini irin wanda Malam ya zana, an jera shi tsakanin turaku biyu, gwanin sha'awa. Muka yi ciniki, na biya, na kira mai kura. Da aka fara kwasa sai ga tsakiyar fayau. An gitta karkatattun rassa a ciki sun yi rumfa, an rufe fuska da miƙaƙƙun faskare. Wanda na zaci zai cika kura biyu, ɗaya da 'yan kai ya yi. Na yi magana ya ce ai abin da na gani na saya. Ko gyara bai ƙara mini ba. Na bar shi da Allah.

Ɗan Mai Faskare:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Ba zan kare shi ba, ana yin haka, kuma algus ne kamar mai zuba manyan tumatir a saman kwando. Mu ma 'yan sana'ar yana zubar mana da mutunci.

Ga abin da za ki yi nan gaba. Kada ki tsaya a gaba kawai, zagaya ki duba ta bakin itacen, inda aka sare. In jerin gaskiya ne za ki ga bakunan a matse, hannunki ba zai shige ba. Ki sa ƙafa ki ɗan tura gefe, mai rami yana rawa. Sannan ki ɗaga guda biyu ki buga su da juna. Busasshe yana ƙara kamar ƙarfe, ɗanye kuwa tim yake yi. Kuma ki tambayi irin itacen. Marke da ƙirya suna da nauyi, suna jimawa suna ci, suna barin garwashi mai kyau, irin wanda tandar waina take so. Darbejiya ba laifi in ta bushe. Sabara da geza na saurin kamawa amma nan da nan sun cinye. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki ɓata kuɗin kura, jikinta kamar soso yake. Tsibi biyu za su iya zama tsayi ɗaya, ɗaya ya kai ki mako biyu, ɗaya bai kai kwana biyar ba.

Hajiya Mai Waina:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Dabarar buga su da juna ɗin nan ban taɓa saninta ba.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, abin da kika koka da shi ne ya sa na ce sai na sa baki. Mu nan Nijar akwai kalmar da anka aro daga Faransanci, siter, kuma ma'anarta daidai hoton Malam: icce jerarre, amma da awo. Metir ɗaya tsawo, metir ɗaya faɗi, metir ɗaya bisa. Ana kafa turaku huɗu, a sare iccen metir ɗai-ɗai, a jera tsakaninsu har ya kai kan turakun. Wannan siter guda ke nan. Faransawa sun shigar da kalmar cikin dokarsu ta awo a 1795, lokaci guda da metir da litir, kuma musamman don iccen wuta anka yi ta.

Ta shiga ƙauyukanmu sosai ne bayan dokar 1992, wadda ta kafa kasuwannin icce na karkara. Kafin nan masu manyan motoci daga birni ke shiga daji da ma'aikatansu su sare su tafi, mutanen wurin suna kallo. Da dokar ta zo, sai anka ba ƙauyuka damar kula da dajinsu. Ma'aikatan gandun daji su ƙayyade siter nawa za a sara a shekara, masu saran ƙauye su kawo bakin gari su jera, mai mota ya zo ya saya nan, a yanke mashi takardar haraji, harajin kuma a raba tsakanin ƙauyen da ƙaramar hukuma da gwamnati. Dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi yana cikin wuraren da anka yi wannan tsari. Na je wata kasuwar da kawuna ina yaro, na ga siter-siter a layi kamar ɗakuna, mai kula da kasuwa yana yawo da sandarsa ta metir guda yana dafawa.

Hajiya Mai Waina:
Kai, wannan tsari ya yi. Ke nan ba a cutar mutum?

Ɗan Maraɗi:
Ana ragewa dai Hajiya. Sanda tana auna waje, ba ta auna iskar da ke ciki. Karkataccen icce yana barin rami ko ba a yi niyya ba. Kuma ga wani abu da ke haɗa faɗa: in ka sayi siter guda na mai tsawon metir, ka yanka kowane biyu ka sake jerawa, ba zai cika metir ba, kusan kashi 80 cikin 100 zai tsaya, don gajeru sun fi zama a matse. Ba a sace ko tsinke ba, amma ido zai ce an rage. Su kansu Faransawan sun cire siter daga ma'aunan hukuma tun 1978, ko da yake har yau mutanensu da ita suke ciniki.

Ɗalibar Harshe:
Ku dubi "kashi 80 cikin 100" da Ɗan Maraɗi ya rubuta yanzu. Kashin nan shi ne dai na bakin hanya, na mai tumatir da mai itace. Daga kasa kaya a ƙasa kalmar ta shiga lissafi. Haka makamashi, asalinsa abin da wuta take kamawa, kara da ƙirare da kashin shanu, yau ga shi ana cewa makamashin nukiliya a labaran rediyo.

Baƙo a Minesota:
Salam daga ƙasar sanyi. Nan Amurka ma suna da tasu, kod. Tsawo ƙafa 8, bisa ƙafa 4, faɗi ƙafa 4, wato ya ɗan haura siter uku da rabi na Ɗan Maraɗi. Abin da zai ba Baba maigadi sha'awa, ma'anar kalmar ta asali ita ce igiya. Itacen ba a ɗaure yake ba, a jere yake, amma sunan igiya ya bi shi.

Maƙwabcina dattijo ne mai ɗumama gidansa da itace. Tun bazara yake faskarawa ya jera a bayan gida a kan katako, ya rufe sama kawai ya bar gefe iska tana ratsawa, don sai ya yi wata shida zuwa shekara kafin ya bushe yadda ake so. Shi ya gargaɗe ni da wata kalmar tasu, rik. Ita ma jerarren itace ce, bisa ƙafa 4 tsawo ƙafa 8, amma faɗinta ya danganta da yadda mai sayarwa ya yanka. Galibi sulusin kod ce, wani wuri ta fi haka, wani wuri ba ta kai ba. Shi ya sa a jihohi da yawa doka ta ce da kod ko wani yanki nata za a yi ciniki. Ke nan Hajiya, rik ɗinsu ita ce kashinmu, kowa da nasa.

Matashin Zaure:
To ai magana ta ƙare. Tun da Hausa ba ta da kalmar, mu ari siter kawai. Mun ari lodi, mun ari mita, mun ari buhu-buhun kalmomi, wannan ce za ta gagara? Malam ka rubuta "siter" ranar Litinin.

Basakkwace:
Yaro, wa ya ce maka Hausa ba ta da kalma? Tun ɗazu kalmomi bakwai anka jera maka.

Matashin Zaure:
Baba, bakwai ɗin ai babu wadda ta hau hoton daidai. Kowacce sai an ce amma. Harshen da yake da kalma ɗaya tak ga abu ɗaya ai ya fi sauƙi.

Ɗan Maraɗi:
Ƙanena, ni da na kawo kalmar ban goyi bayanka ba. Siter awo ce. Ko nan Maraɗi ba wanda zai shiga gidan mutum ya ga icce jikin bango ya ce "ga siter ɗinku". Sai a kasuwa, sai gaban ma'aikacin daji. A gida tarin icce muke cewa. In Malam ya koya wa yaran Kano siter, sun koma gida ba uwar da za ta gane.

Ɗalibar Harshe:
Kuma mu ma muna da awonmu, ba a dai ɗora shi a kan itace ba ne. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Akwai gaba, in ka buɗe hannuwanka biyu. Akwai taki, akwai ɗani. Da su ake auna zane da igiya da zurfin rijiya. Itace bai samu awo ba saboda a da ba kayan saye ba ne ga yawancin mutane. Kowa daga gonarsa yake samu in an yi sassabe, ko yara su je su yo. Abin da ba a saye, ba a damu da a auna shi ba. Hatsi kuwa, da ake biyan zakka da shi, ake bashi da shi, dubi yadda ya samu mudu da tiya da dami, kowa ya san gwargwadonsa a yankinsu.

Gardin Tsangaya:
Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malamai, ina biye da ku tun farko. Ina so in ce wa Malamin Aji Huɗu kada ya goge "dami" daga littafin yaran, ya dai canja mata hoto. Kalma ce mai daraja. A hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Zubairu ɗan Awwam, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiyarsa ya je ya yo itace ya goyo a bayansa ya sayar, ya fi masa alheri da roƙon mutane. Duk malamin da na ji yana fassara wannan wuri, "damin itace" yake cewa. Kun ga igiyar ma an ambace ta, kamar yadda Baba maigadi ya tambaya.

Mu a tsangaya da itace muka yi karatu. Kowane almajiri yana da ranar zuwa yin ice, ƙanana su yo kara da ƙirare, manya su saro mai kauri. Kowa ya dawo da ɗan daminsa, a kwance igiya a zuba wuri ɗaya. Da zarar an kwance, ba wanda zai ƙara cewa "damina", ya zama na kowa. Bayan isha'i a hura, mu kewaye da alluna, ana ƙara kara in haske ya ragu. Da asuba a sake. Tokar ba a kwashe ta, shekara da shekaru tana taruwa har ta yi tudu, in ka ga tsangaya mai babban tudun toka ka san an daɗe ana karatu a wurin. Yanzu fitila mai caji ta shigo, yaran ba sa tashi da jajayen idanu kamar mu, alhamdu lillahi.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri Malam Gardi. Ni ma da na ba da labarin jego, ba cewa nake a ci gaba da komai yadda yake ba. Likitoci a nan Zariya sun daɗe suna jan kunne a kan yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, saboda ciwon zuciyar da yake kama masu jego. 'Yata da ta haihu bana ruwa mai ɗumi kawai ta yi. Amma mijinta duk da haka sai da ya kawo itacen, ya ce ba zai bari a shigo barka a ga bayan ɗaki wayam ba.

Ɗan Mai Faskare:
Matashi, bari in ƙara maka ɗaya. Ka ce kalma ɗaya ta fi sauƙi. A wurin aiki ba haka ba ne. In mahaifina ya aiko yaro ya ce "kawo kashi biyu", yaron ya san bakin hanya zai je. In ya ce "kawo dami biyu", ya san na ɗaure ne na masu babur. In ya ce "ɗebo a tsibi", ya san wanda aka faskara yau ne, bai gama shan iska ba. In ya ce "daga jerarren", busasshe ne na manyan masu saye irin su Hajiya da masu gidan burodi. Da kalma ɗaya ce, da kullum sai ya taso da kansa ya nuna.

Matashin Zaure:
Na ji wannan, Yaya. Amma har yanzu Malam bai samu abin rubutawa ba.

Ɗalibar Harshe:
Ya samu mana. In hoton zai nuna yawa, tsibin itace. In zai nuna tanadi, tarin itace. In zai nuna tsari, jerarren itace ko jerin faskare. Tun da abin da ya zana sahu bisa sahu ne, ni "jerarren itace" zan zaɓa. Malam, in za ka rubuta faskare, ka karanta musu da baki sau da yawa. "Ya faskara itace" da "abin ya faskara" rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su, kuma boko ba ya nuna shi.

Basakkwace:
Ni dai tari. Amma ban hana ba.

Malamin Aji Huɗu:
Jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda aka yi yau Litinin.

Ban goge komai ba, na bi shawarar Malam Gardi. Na raba allo gida huɗu. Na zana wanda aka ɗaure da igiya, wanda aka kasa uku-uku, wanda aka zube ya yi tudu, da kuma na ranar Laraba. Na roƙi Baba maigadi ya shigo ajin. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai yi boko ba, sai da na ce masa yau shi ne malamin. Ya tsaya gaban allo da hularsa a hannu yana nunawa, yara suna faɗa. Dami, kashi, tsibi, duk ba gardama. Da aka zo na huɗu ya sake cewa tsibi, sai wata yarinya a baya ta ɗaga hannu ta ce a gidansu ba a ce masa haka, "itacen Inna" ake cewa, kuma ba mai taɓa shi sai damina. Wani yaro ya ce nasu "itacen suna" ne, don an kusa haihuwa a gidan. Baba ya yi murmushi ya ce duk sun faɗi daidai.

A ƙarshe na rubuta "jerarren itace" a ƙasan hoton, a gefe na ƙara "tari" da "tsibi", na ce kowa ya tambayo kakarsa wanne take cewa, a kawo mini ranar Alhamis. Zan kawo muku abin da suka samo, musamman yaran da iyayensu suka zo daga Katsina da Haɗeja.

Ɗan Mai Faskare:
Madalla Malam, a gaida Baba. Gyara ɗaya nake roƙo kafin Alhamis. Yadda ka kwatanta hoton, itacen a ƙasa yake zaune kuma ya jingina da katanga. Ka zana masa duwatsu ko gungume biyu a ƙarƙashi, ka kuma ɗan ja shi baya da bangon kamar tafin hannu. In ba haka ba gara za ta hau shi ta wuce cikin katangar, ruwan indararo kuma ya jiƙa na ƙasa. Ka gaya wa yaran in an aike su ɗebowa, daga sama ake ɗauka, kuma a buga shi da ƙasa kafin a rungumo, kunama tana son wurin.